Lambar Wumpini

Tamale, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Azaratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Afa da yara. Ya ƙafar taki? Mu nan alhamdulillahi, sai dai wani abu ya tsaya mini a rai, ban kuma san wanda zan faɗa wa ba in ba ke ba.

Kin san aikina a asibitin yara shi ne kula da manhajar da ke ba kowane jariri lambar kati: haruffa biyu na ƙauyensu, sai lissafi ya biyo baya. Da wannan lambar ake tura wa uwa saƙo idan lokacin rigakafi ya yi. Shekaranjiya wata mata daga Zagyili, sunanta Lamnatu, ta tsaya a bakin ofishinmu, ta ƙi zama. Ta miƙo mini wayarta ta ce, "Mma, don Allah ku daina kiran ɗana Wumpini. Mun binne shi tun kafin a haƙa doya."

Yaya, saƙonninmu ne, duk suna cewa a kawo mai lamba ZG412 allura.

Da ta tafi na zauna bincike. Ashe idan yaro ya rasu ana goge sunansa. Ita kuwa manhajar, in an kawo sabon jariri, sai ta duba lambar ƙarshe ta ƙauyen, ta ware haruffan gefe, ta ƙara ɗaya a kan lissafin, ta mayar da haruffan. Wumpini ne na ƙarshe a Zagyili. Da aka goge shi sai ta ga 411, ta ƙara ɗaya, ta ba wata jaririya mai suna Suhuyini lambarsa. Lambar wayar Lamnatu kuma tana ajiye a wani gurbi daban, haɗe da lambar katin, ba a goge ta ba, don haka ta uwar Suhuyini ba ta shiga ba. Ke nan yarinyar ba ta zo allura ba tun da aka sallame su, ga wani mugun tari yana yawo tsakanin jarirai a ƙauyukan can.

Abin da muke da shi kawai sunan uba, Alhassan. Kabore, Bamoshen nan da muke aiki tare, ya dafe kai ya ce, "Ku Dagomba suna ɗaya kuka saya kuka raba? Rabin mazan Zagyili Alhassan ne!" Kin san wasanmu da Moshi, sai na ce masa ya je ya ɗaure jakinsa tukuna. Mun yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Jiya na kira Lamnatu na ba ta haƙuri. Na yi ta shakkar gaya mata dalili, sai na ga haƙƙinta ne ta sani, na faɗa mata duka. Ta ce, "Ita yarinyar tana da rai?" Na ce muna sa rai. Ta ce, "To," ta kashe. Ina tsoron ko fama mata ciwo na yi. Ki sa mu a addu'a.

Ki gaida Afa.

Ƙanwarki,
Sanatu


Tamale, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Azaratu,

Assalamu alaikum. Na samu amsarki, na ji daɗi da kika ce kumburin ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi.

Ni da Kabore mun gyara manhajar. Haruffa yanzu gidansu daban, lissafi daban, kowane ƙauye da tasa ƙidayar da ba ta komawa baya. Wanda ya rasu kuma ba a goge shi, alama ake sa masa, saƙo ya tsaya. Amma nas ɗin da aka tura Zagyili ta dawo ba ta samu yarinyar ba.

Ranar kasuwa ina karyawa da koko, sai ga Lamnatu, ƙafafunta duk laka, bayanta wata matashiya da goyo. Gidajen Alhassan ta bi ɗaya bayan ɗaya, har aka kwatanta mata wata bukka a gona inda iyayen yarinyar suka tare don girbi. Ta ce, "Mma, ga mai saƙon."

An yi wa Suhuyini allura, ta tsala ihu har ofishinmu. Kabore ya leƙo ya ce, "Wannan murya ta Moshi ce, ku ba mu abarmu." Lamnatu ta ce, "Da wane tuwon za ku riƙe ta?" Ranar na fara ganin haƙoranta.

Na buga wa yarinyar sabon kati da sabuwar lamba. Lamnatu ta karɓa ta juya shi, sannan a hankali ta ce, "Ita ta Wumpini fa, wa za ku ba?" Na ce, "Ba kowa. Tasa ce har abada." Ta gyaɗa kai, ta karɓi zanin goyo daga hannun uwar, ta ce ita za ta goya ta zuwa tasha.

Ki gaida Afa da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Sanatu