Keken Injiniya

Asabar, 3 ga Mayu
Abokan hawan keke sun sake bari na a tudun bayan gidan ruwa. Da can ina cikin na gaba, yau sai da suka jira ni a sama. Dogo ya ce, "Malam, ka tsaya cefane ne?" Na yi dariya don kada a gane. Laifin giyar kekena ne. In na danna sai ta yi gardama, sarƙa ta yi ta ƙara kafin ta hau.

Litinin, 5 ga Mayu
Duk hutun rana a ofis na ƙarar da shi ina kwatanta kayan keke. Nawa firem ɗinsa, wato gangar jikin, alminiyom ne, giyar waya, birkin roba. Na Injiniya, abokin hawanmu, kuwa kabon ne marar nauyi, giyar batir, birkin faifai, da yatsa biyu ake ɗaga shi. Yaya za a yi in kamo irin wannan? Na nuna wa maman yara hotunan, ta ce, "Duk ba feda ake takawa ba?" Ba za ta gane ba.

Laraba, 7 ga Mayu
Na tsaya a tsakiyar benen ofis ina haki, na yi kamar ina duba waya. A nan dai babu keke. Ba na son wannan tunanin.

Alhamis, 8 ga Mayu
Injiniya zai yi tafiya, ya bar min kekensa. "Hau ka ji. In ya yi maka, sai ka canza kayan naka."

Asabar, 10 ga Mayu
Gaskiya abu ne mai kyau. Ka taɓa maɓalli, giya ta shige ba ko motsi. Birki kamar yana jin maganarka. A shimfiɗaɗɗiyar hanya har na wuce Dogo ina masa gwalo, na ce a raina ashe dai kayan ne.
Sai tudu. Ban kai rabi ba na ji kamar an ɗora min buhu a ƙirji, nauyin ya gangaro hannun hagu. Na sauko giya, na ƙara saukowa, har ta ƙare. Na zauna a bakin kwalbati, keken yana kwance a ciyawa.
Dogo ya juyo. Bai yi wasa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce leɓena ya canza launi. Na roƙe shi kada ya faɗa a gida.

Lahadi, 11 ga Mayu
Haka ciwon zuciyar Baba ya fara. Shi ma uzuri ya samu, ya ce abinci ne ya tsaya masa.

Talata, 13 ga Mayu
Dogo ya faɗa a gida. Maman yara ba ta ɗaga murya ba. Ta tare ƙofa da safe, mayafi a kafaɗa: "Ko mu tafi asibiti yanzu, ko in kira Yayanka ya kai ka." Na ce ina da taro. Ta ce taron ya jira.
An manna min wayoyi a ƙirji, an ɗebi jini. Likita ta daɗe tana kallon takardar, ni ina kallon fuskarta. Ta ba da magani, ta ce sai an yi hoton jijiyoyin zuciya. Na tambaye ta batun hawan keke. Ta ce a hankali, ban da tudu, kuma ban da ni kaɗai.

Juma'a, 16 ga Mayu
Na goge keken Injiniya na mayar. Ya ce, "To, yaushe za ka canza?" Na ce ina nazari. Dogo ya kira, ban ɗauka ba.

Asabar, 24 ga Mayu
Dogo ya bar sauran, ya zo ƙofar gida ya yi ta danna ƙararrawa har na fito da kekena. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Muka bi hanyar bakin kasuwa, yana gefena kamar mai rakiyar tsohuwa.
Kafin gada na ce mu tsaya, na gaji. Da bakina na faɗa. Ya ce shi ma ya gaji, amma ƙarya yake.
Jibi ne hoton. Na ce wa maman yara ta shirya mu tafi tare. Don ta riƙe min jaka ne kawai.