Hannun Jarin Baba da Karsanar Kawu

Babura, 4 ga Fabrairu, 1980

Zuwa ga Yaya Shatu,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar Ma'u. Mu ma lafiya lau, sai dai gidan ba daɗi.

Kin tuna takardar nan mai koren baki da Baba ya sa a gilashi ya rataya a shago, saman keken ɗinkinsa? Ta hannun jarin Kamfanin Rediyo Mai Tauraro, wadda ya sayo a Kano shekarar da aka ce 'yan ƙasa su sayi rabo a kamfanonin Turawa. To, ya sauke ta, yanzu tana ƙarƙashin katifa. Wani direban Kano ya ce masa kamfanin ya sallami ma'aikata, takardar kuma ta faɗi warwas. Riba dama tun bara ba a aiko ba.

Ni ban yi mamaki ba, Yaya. Ran kasuwa ki ga 'yan Nijar sun baza rediyo mai cin kaset a tabarma kamar tumatir, a biya da naira ko da sefa, ga araha. Wa zai sayi Mai Tauraro mai nauyin dutsen niƙa?

Ba shanunsa da ya sayar don sayen takardar ne ke damun Baba ba. Kawu Mamuda ne. Kin san Baba ne ya je har ruga a Gwiwa ya yi ta lallaɓa shi, sai da Kawu ya kai bijimansa kasuwa shi ma ya sayi takardar. Yanzu Baba yana cewa da wane ido zai dubi yayan matarsa? Ko sunan jikan Kawu bai je ba, wai ɗinki ya yi masa yawa, alhali ranar ko zare bai sa a allura ba. Kawu kuma shiru, ba aike, ba saƙon gaisuwa. Inna ta rage cin tuwo, in za ta yi maganar gidansu sai ta yi ƙasa da murya.

A littafin da kika aiko mini haka abin ya fara. Gida biyu suka yi wa juna shiru, shirun ya yi ta girma, har yaran suka tsufa ba su sake haɗuwa ba. Da na zo wurin sai na rufe littafin. Yaya Hussaini na gidan Kawu ma ya daina kawo mana man shanu. Ba don komai na faɗa ba, man ne ya ƙare.

Don Allah ki tambayi maigidanki, tunda a baitulmali yake aiki, ko irin wannan takarda tana warkewa.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Batulu


Kazaure, 15 ga Fabrairu, 1980

Batulu,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta same mu lafiya. Ma'u ta fara rarrafe, ba abin da ke zama a ƙasa yanzu.

Man shanu ko? An daina sayarwa a Babura ne, sai na Gwiwa? Allah ya shirye ki.

Na tambayi Baban Ma'u. Ya ce kamfanin bai mutu ba, ramewa ya yi. Takardar ba bashi ba ce, ba mai zuwa ya kama Baba. Iyakar abin, in ya sayar yau ko tunkiya ba za ta saya masa ba. Ya ce a ofishinsu ma da yawa sun shiga, har da shi, sai yanzu yake faɗa mini. Akwai wani malamin makaranta a Roni da ya zuba kuɗin hajjinsa, in an tambaye shi sai ya ce ya tura kuɗin Kano su fara koyon ɗawafi. Kin ga ba Baba kaɗai ba ne.

Shirun Kawu kuwa, ke kin taɓa jin Kawu ya yi magana biyu a jere? Ki rage karatun littattafan nan, ni ma da laifina da nake aiko miki. Ki ce wa Inna na ce ta ci abinci.

Yayarki, Shatu


Babura, 25 ga Fabrairu, 1980

Yaya Shatu,

Gaisuwa da fatan alheri.

Kawu ya aiko ta bakin masu tallan nono cewa yana tafe. Tun da Baba ya ji, ya kira dillali ya zo ya yi wa keken ɗinki kuɗi. Keken da ya ɗinka miki kayan aure, Yaya, wanda muke ci da shi. Ya ce gara ya danƙa wa Kawu wani abu a hannu kafin Kawu ya buɗe baki. Inna ba ta hana shi ba, don in ta hana, kamar ta hana ɗan'uwanta haƙƙinsa ne.

Ni kin san ba na iya ɗaga ido a gaban Baba. Sai na shiga shago da tsintsiya, na zare ɗan ƙarfen nan da ake sa zaren ƙasa a ciki, na tura shi tsakiyar littafina. Dillali ya taka keke, ya taka, ya ƙi kama ɗinki. Ya ce shi ba ya sayen gurgu, a gyara ya dawo bayan kasuwa. Baba ya duba ƙasan tebur har da rarrafe. Allah ya yafe mini.

Ki sa mu a addu'a.
Batulu


Babura, 3 ga Maris, 1980

Zuwa ga Yayata Shatu,

Gaisuwa irin ta mai farin ciki. Ki zauna kafin ki karanta.

Sun iso da hantsi, da ƙafa, sun kwana a hanya. Kawu a gaba da sandarsa, Yaya Hussaini a baya yana janye da jar karsana. Ni aka aika zaure da fura, na ajiye, na maƙale a bayan ƙyaure.

Baba ya daɗe yana gaisuwa, ya gaida shanu, ya gaida rana, ya sake gaida shanu. Can ya ce, "Yaya, maganar bijiman nan..."

Kawu ya ce, "Waɗanne? Malam Halliru, shekarar fari rabin garkena ya kwanta, wa na kai ƙara? Saniya ta mutu a daji, takarda ta rame a birni, duk mai abu ɗaya ne. Da hannuna na ja su kasuwa, ba kai ka ja ba."

Baba ya ce, "Na ji shiru ne, na ɗauka..."

"Shirun na kunya ne. Na tuna ka sayar da naka kaf, mijin ƙanwata ba shi da ko wutsiya. Ba zan zo maka hannu rabbana ba, sai na jira wannan ta isa. Habbanaye ce."

Inna ta yi mini bayani daga baya. Haka ake yi a gidansu in mutum ya rasa dabbobinsa. Ɗan'uwa ya ɗaura masa karsana, ta zauna a wurinsa har ta haihu sau uku, 'yan maruƙan nasa ne, sannan ya mayar da uwar. Ba a ƙin karɓa, ba a kuma yawan godiya.

Baba ya sunkuyar da kai. Sai ga wani abu ya fara waƙa a ƙarƙashin rigar Kawu. Ashe rediyon 'yan Nijar ne rataye a kafaɗarsa, gwiwar hannunsa ta danna shi. Baba ya dubi rediyon, ya dubi Kawu. Kawu ya ce, "To ya zan yi? Namu ba ya kama Kaduna sai an hau tsauni." Yaya, Baba ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin kaka. Inna kuwa ranar sai da ta ƙara tuwo.

Kawu ya ce tasa takardar tana cikin jakar fata, in ta tashi ta tashi. Baba ma ya mayar da tasa bango, igiyar karsana kuma yana rataye ta a ƙusa ɗaya da ita.

Da na je mayar da ɗan ƙarfen a ɓoye, sai na tarar da Baba a shago. Ya miƙo hannu kawai, na ciro shi daga littafin na ba shi. Ya ce, "Ashe shi ma ƙarfen, karatu ya tafi." Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya aika wa dillali kada ya wahalar da kansa.

Yaya Hussaini zai riƙa zuwa duba karsanar, wai Baba bai san ciwon saniya ba. Ya kawo man shanu. Ban ce masa komai ba, sai sannu da hanya, ita ma ban tabbata ya ji ba.

Wassalam.
Ƙanwarki, Batulu


Kazaure, 10 ga Maris, 1980

Batulu,

Alhamdu lillahi. Na karanta wa Baban Ma'u, ya ce shi ma da yana da suruki mai garke.

Sai ta haihu sau uku, in ji ki? To lallai Hussaini zai san hanyar Babura. Ina tafe ran Juma'a in ga karsana. Ki ajiye mini man shanu, in za ki iya rabuwa da shi.

Yayarki, Shatu