Inna Ba Ta Sallama Ka Ba, Yaya

Zuwa ga Yayana Habu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan kana raye cikin ƙoshin lafiya. Hadiza ce, autarku. Ban san inda kake ba, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Ba faɗa na zo yi ba, na gaji da wannan. Na san abin da ya kore ka. Gonarmu ta Bunkure a ƙarshen kanal ɗin ban-ruwa take, sai na gaba sun ƙoshi ruwa yake isowa. Shekarar da ya iso kuma, tumatir ya ruɓe mana a kwanduna a bakin titin Zariya. Takardunka na makaranta suna akwati. Kullum maganarka ɗaya, “Ba mai sauraren mutum a garin nan.” Sai ga waɗancan mutanen, suka saurare ka, suka tafi da kai daji. Ban wanke ka ba, Yaya. Abin da aka yi da hannunka yana tsakaninka da Allah da waɗanda aka zalunta.

Bara wata Baturiya ta zo gida, ma’aikaciyar wata ƙungiyar agaji mai haɗa waɗanda suka ajiye makami da danginsu. Ashe ka miƙa wuya, kana wani sansani, ka ba su kwatancen gidanmu. Ni ina Kura gidan mijina, Inna kaɗai suka tarar.

Suka ce ta faɗi sunan ɗanta don su tabbatar. Ka san Inna. Kai ne ɗan fari, tun da ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, “wancan” take cewa. Ta sunkuyar da kai. Suka ambaci sunan da kansu, ta kau da fuska kamar yadda take yi ko a gidan suna. Suka tambaya ko tana son ka dawo, kunya ta hana ta cewa e a gaban baƙi. Tafintan da ya rako Baturiyar yana sauri, bai tsaya ya bayyana mata al’adar ba. Matar ta rubuta cewa dangi sun ƙi karɓarka.

Ban ga laifinta sosai ba. Daga nesa ta taso saboda kai, mu kuwa maƙwabtanmu ko tambayarka ba sa yi. Da dai ta kwana biyu a garin kafin ta ciro takarda.

Wata huɗu muna bin ofis-ofis a Kano. Ranar da muka dace da nasu, Inna ta miƙe a gaban maza baƙi ta ce, “Abubakar. Ɗana ne, ni na haife shi.” Ban taɓa jin sunanka a bakinta ba sai ranar, na yi kuka. Aka duba, aka ce tun da aka gaya maka amsar gida ka bar sansanin, ba a san inda ka nufa ba.

Tsorona kada ka koma wurinsu don kana zaton ba ka da kowa. Kana da mu. Inna ta rame, ƙafa ta hana ta zuwa gona, kuma yanzu da sunanka take yi maka addu’a, a fili, kowa na ji.

Allah Ya kare ka daga komawa, Ya yafe maka, Ya kawo ka tana da rai.

Ƙanwarka,
Hadiza