Yayana Ya Kafa Mini Maɗauri a Allo, Gwiwata Ta Tafi

Goggo Zinariya,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina nadama, domin yadda zuciyata take tafasa yanzu, ko sunan yayana aka ambata sai abinci ya fita raina. Daga Njamena nake rubuto miki, unguwar Digel. Mujallarku tana iso mana a hannun 'yan kasuwar Maiduguri, wani lokaci ta tsufa kafin ta zo, amma filinki nake fara buɗewa. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Katsina zai tafi Makka a ƙasa, ya yada zango a nan, mu duka a nan aka haife mu. In kin ga Hausata ta karkace ki yi haƙuri, Larabci ya fi yawa a bakinmu.

Sai na fara yi miki bayanin wasan, in ba haka ba ba za ki gane abin da ya haɗa mu ba. A shekarar 2003 na tafi Masar neman aiki, na samu a wani otal na bakin Bahar Maliya. A can na tarar da Nasara suna wani wasa a ruwa. Ana hura wata ƙatuwar laima a sake ta sama da dogayen igiyoyi, mutum ya maƙala igiyoyin a ɗamarar ƙugunsa, ya hau allo, iska ta riƙa jansa a kan ruwa. Aikina hura laimomin da wanke su. Da kallo na fara har na iya, har na zama ina koya wa baƙi. Allon da nake hawa dogo ne mai tsini, irin na hawan igiyar ruwa. Wasu suna sa masa maɗauri, su zura ƙafa ciki kamar silifa, wasu kuma suna tsayawa a kansa haka nan, ƙafa sake. Ni ƙafa sake nake hawa, ba kuma don burga ba. Na ga mutum da idona, ƙafarsa ɗaya ta fita, ɗaya ta maƙale, laima ta fizge shi, idon sawunsa ya juya baya. Tun ranar na ce in zan faɗi, gara in faɗi ni kaɗai, allo ya kama gabansa.

Da mahaifinmu ya rasu na dawo gida da laima da allon da maigidana ya ba ni na sallama, na samu aikin tuƙi a wata ƙungiyar agaji. In damina ta wuce, kogin Shari ya cika, iska ta fara kaɗawa, ranar Lahadi sai in kwashi kayana in tafi wajen Gassi inda ruwan ya yi faɗi. Goggo, duk faɗin garin nan, a can ne kawai nake jin numfashina yana fita daidai.

Yayana Abdulbaƙi shi ne babba a gidanmu, yana da shagon ɗinkin kujerun mota. Tun muna yara haka yake, shi ya san abin da ya dace da kowa. Wata Lahadi ya biyo ni, wai zai ga haukan da ake ba shi labari. Ranar iska ta yi gardama, na faɗi a tsakiyar kogi, allo ya tafi, laima ta kwanta a ruwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajena, na san yadda zan fita. Sai dai ruwa ya ja ni ya yi ƙasa da ni har na ɓace masa a bayan wani tudun yashi, wajen da akan ga dorina jefi-jefi. Wani masunci ya tsinto allon kusa da gaɓar tsallake. Da na fito na zagayo, na tarar da Yaya a cikin ruwa har ƙirji da babbar rigarsa, shi da bai iya iyo ba, yana kiran sunana. Na karɓi allon a hannun masuncin, muka koma gida.

Satin da ya biyo aka tura ni garin Abeshe da motar aiki. Ina dawowa na tarar ya shiga ɗakina ya ɗauki allon ya kai shagonsa. Ya yanko bel ɗin kujerar mota, ya huda allon, ya ɗaure bel ɗin da noti tamau. Allon da babu irinsa a ƙasar nan kaf, wanda ko rana ba na bari ta daɗe a kansa. Bai tsaya nan ba. Ya je wajen Inna mahaifiyarmu ya ce mata rabuwa da allo ce ta kusa kashe ni, yanzu kuwa ya yi maganin abin. Inna ta kira ni ta ce, “In ka sake shiga kogin nan ba tare da ɗaurin yayanka ba, ban yafe maka ba.”

Na yi bayani da Hausa, na yi da Larabci. Na ce bel ɗin mota ba ya saki, an yi shi ne don ya riƙe, kuma ba inda ƙafa take tsayawa ya kafa shi ba. Yaya ya ce taurin kaina ne, wai na zauna da Nasara na raina aikin gida. Sai na ce to, tunda haka suke so, su gani. Na shiga ruwa da ɗaurinsa. Ban daɗe ba iska ta fizge ni, ƙafar dama ta fita, ta hagu ta maƙale, allo ya juya, ni kuma ban juya ba. Ƙarar da gwiwata ta yi har yau ina jin ta a kunnena. Masunta ne suka ciro ni.

Likita ya ce jijiyar gwiwar ta tsinke. Ƙafar hagu ce, wadda nake taka kuloci da ita. Yau wata na uku ke nan ina dogara sanda, a wajen aiki an ba wani motata, sun ce za su jira ni, amma har yaushe?

Duk wannan da na haɗiye. Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya yana zama a ƙofar masallaci yana gaya wa mutane wai ba don ɗaurinsa ba da ba a gan ni ba, wai allon masunta suka hango suka same ni a maƙale da shi. Mutane kuma suna gyaɗa kai, suna zuwa duba ni suna cewa in gode masa. In gode masa, Goggo! Ko sau ɗaya bai buɗe baki ya ce in yi haƙuri ba. Kullum da safe sai ya zo da babur ɗinsa wai zai kai ni asibiti wajen gashin ƙafa, ni kuwa in wuce shi in tare ɗan acaba. Ya sha shayi da Inna ya tafi, gobe ya dawo. Ga matarsa Hidaya ta haihu, na ji wai sunana zai sa wa yaron. Na ce ba zan je sunan ba, Inna sai kuka take yi.

Niyyata in kama ɗaki a unguwar Atron in fita harkarsu, in na warke in koma Masar. Ki gaya mini gaskiya, na yi laifi in na ce sai ya ƙaryata kansa a gaban mutanen da ya yi wa ƙaryar? Kuma in ƙafar ta warke, maganar Inna tana nan a kaina?

Naki,
Mai Dogara Sanda, Digel

Ɗana Mai Dogara Sanda,

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Fushinka yana kan hanya, ba zan ce maka ba haka ba. Yayanka ya shiga ɗakinka ba izini, ya taɓa abin da bai san kansa ba, ya kuma ari bakin mahaifiya ya rufe naka. Girma ba ya ba mutum wannan dama. Labarin da yake bayarwa a ƙofar masallaci kuwa dole ya tsaya.

Ni ban taɓa ganin wasan nan ba, don haka na tambayi ɗan ƙanwata Salihu da ke aiki a bakin teku a Legas. Ya ce duka biyun ana yi, kowanne da ranarsa. Maɗauri yana riƙe maka allo in ruwa ya yi tsalle, amma wanda aka yi don wasan yana da taushi, ana sassauta shi yadda ƙafa za ta zame in an faɗi. Hawa ƙafa sake yana tsare gwiwa, amma yana raba ka da allo. A kan bel ɗin mota, gaskiyarka ce ɗari bisa ɗari. Sai dai ya yi mini tambaya biyu da na duba wasiƙarka ban ga amsarsu ba: kana sa rigar da ke hana nitsewa? Akwai mai kwalekwale da ke bin ka? Ya ce waɗannan su ne ke ceton rai, ba maɗauri ko rashinsa ba.

Yanzu ka saurara, wannan ba za ta yi maka daɗi ba. Abin da kake kira ba baƙon abu ba, shi a idonsa ƙaninsa ne ruwa ya tafi da shi, ga shi kun riga kun rasa mahaifinku. Mutumin da bai iya iyo ba ya shiga kogi har ƙirji, wannan tsoro ne, ba iko ba. Sannan a gidanku kai kaɗai ka san haɗarin bel ɗin nan. Inna ta ce kada ka shiga ba ɗauri, ba ta ce sai ka shiga ba. Kana iya ajiye allon har hankali ya kwanta, amma ka shiga da fushi don su gani. Wannan kason naka ne, kada ka ɗora masa.

Ina kyautata zaton ya san abin da ya yi. Shi ya sa yake ta maimaita labarin, yana neman wanda zai ce masa ba shi ya nakasa ƙaninsa ba. Babur ɗin da yake kawowa kowace safiya ban haƙuri ne na wanda bakinsa ya yi masa nauyi. Bai isa ba, amma kada ka ce babu.

Gobe ka hau babur ɗin. In kun je asibiti ka shiga da shi, ka roƙi likita ya nuna masa yadda jijiyar ta tsinke. Bayan nan ku keɓe ku biyu, ba a gaban Inna ba, ka gaya masa abin da labarinsa yake yi maka, ka ce ya daina. Kada ka nemi ya tozarta kansa a ƙofar masallaci, za ka ci nasara ka rasa ɗan'uwa. Ka nemi ya raka ka wajen Inna ya faɗa mata da bakinsa cewa ɗaurin kuskure ne, don ta janye maganarta. Har sai ta janye, tana nan a kanka, kada ka yi wasa da ita. Kai kuma ka kai mata abin da zai kwantar mata da rai: rigar ruwa, masunci a bayanka, nesa da wajen dorina, kuma ba za ka koma ba sai likita ya yarda.

Ka je sunan, in ya wuce kafin amsar nan ta iso ka, ka je barka, jaririn bai huda allon kowa ba. Maganar Atron da Masar ka ajiye ta sai ka taka ƙafarka ba sanda, a lokacin ka duba ko har yanzu kana son tafiya.

Allah ya ba ka lafiya, ya mayar maka da aikinka, ya sanyaya zuciyar Inna, ya kuma ba yayanka ƙarfin halin furta kalmar da kake jira.

Goggo Zinariya