Saura Kilomita Ɗaya

Zuwa ga 'yata, Autar gidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya sa albarka a aikin nan da ya riƙe ki. Mu ma lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ke yi mini tsiya duk safiya. Gwaggonki ta samu sauƙi, har ta koma masifarta, wanda shi ne alamar lafiyarta. Yayanki ya leƙo ni makon jiya, ya yi awa guda, rabinta yana waya. Gida yana nan yadda kika bar shi, sai dai ya yi mini girma, kuma tun rasuwar mamanku na gano agogon falo yana da ƙarar da ban taɓa ji ba. Kada ki yi mamakin manyan baƙaƙen da nake rubutu da su, zan zo kansu a gaba.

Na samu saƙonki cewa hutun bana ma bai yiwu ba. Ban yi fushi ba, amma ba zan yi miki ƙarya ba, na ji ba daɗi, don na riga na wanke mota. A kan maganar motar ma na ɗauki biro. Na san ku yaran kuna yi mata kallon tsohuwar Korola mai kujerun da suka lotsa, Yayanki har cewa ya yi in bari a ɗauke ta a kawo mini wadda ke da sanyi da gilashin da ke hawa da kansa. Na ce masa hannuna bai mutu ba tukuna. Ke kuwa kina ƙarama aka riƙa yin abubuwan, shi ya sa nake so ki ji su daga bakina tun ina iya rubutawa.

Kin san shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran injin saƙa a masaƙa. Injinan ɗakinmu daga Japan aka kawo su, kuma abin da ya fara burge ni da su shi ne, zare ɗaya ya tsinke, injin ya tsaya cak da kansa, ba ya ci gaba da saƙa ɓarna. Wani injiniya da ya zo koya mana aiki shi ya ba mu labarin gidan. Ya ce wanda ya ƙirƙiro dabarar ɗan kafinta ne da ya tashi yana kallon mahaifiyarsa tana saƙa da hannu, ɗansa kuma shi ya juya akalar gidan zuwa ƙera motoci tun kafin yaƙin duniya na biyu, daga nan Toyota ta fito. Ya ce har a inda suke haɗa motocin, ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya tsayar da layi in ya ga kuskure. Ranar na dawo gida na ce wa mamanku in Allah ya ba ni ikon sayen mota, ta 'yan saƙa zan saya. Ta yi dariya, ta ce in fara sayen tayar keke tukuna.

Da muka same ta, Yayanki yana goye. Mitarta mai ƙirga tafiya irin ta da ce, gida biyar ne da ita, in ta kai tara tara har biyar sai duk su juye su koma sifili, kamar yau aka fito da ita daga kamfani. Sau uku ta yi haka a hannuna. Na farko mamanku ce ta lura, muna kan hanyar kai Yayanki makaranta, ta dafe hannuna ta ce in rage gudu, ga abu zai faru. Muka zuba wa mita ido har na kusa hawa kan kwalbati. Na biyu da ke aka yi, kina da shekara shida, kin tsaya tsakanin kujeru kina ƙirgawa da ƙarfi, da sifilin suka jeru kika fashe da kuka wai motarmu ta manta duk inda muka je. Na uku mu biyu ne kawai, kun riga kun watse, muka tsaya a gefen hanya ta ɓare mana lemo, ta ce na huɗu ma tare za mu gani in da rai.

Lokacin da ciwonta ya tsananta saura kilomita ɗari uku da 'yan kai. Zirga-zirgar asibiti ce ta cinye su. Duk sanda na kwantar mata da kujera sai ta tambaye ni saura nawa, in faɗa mata, ta ce to in daina bin doguwar hanya. Ranar da na dawo da motar ni kaɗai, saura goma sha biyu. Na shigar da ita rumfa na kashe, ban ƙara fita da ita ba. Wata goma sha huɗu ke nan. Kasuwa a ƙafa nake zuwa, asibiti a motar haya. Kullum da safe nakan tayar da ita ta yi ɗumi, in zauna a ciki minti goma, in goge sitiyari, in kashe. Goma sha biyun nan ke na ajiye wa, don a duk waɗanda suka taɓa kallon mitar nan da ni, ke kaɗai kika rage wadda abin ya taɓa sa ta kuka.

To, mota ba ta son zama, wannan laifina ne ba nata ba. Watan jiya na taka birki na ji ya riƙe, sai na kira Sarkin Sifana, makanikenmu da kika sani, mai garejin bayan tasha. Ya zo da kayansa ya yi gyaran a nan tsakar gida. Na shiga ciki in kawo masa ruwa, kafin in fito sai na ji tashin inji, na tarar da rumfa wayam. Wai ya tafi gwada birki. Auta, minti ashirin na yi a tsaye bakin ƙofa da kofi a hannu. Da ya dawo yana murmushi yana cewa yarinya ta koma sabuwa, na sa ya karanta mini mita. Ya cinye tara. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta shi a takarda ba. Mutumin da muka yi shekara talatin tare, wanda ya ɗauki makarar mamanku, na ce masa kada ya ƙara taka mini gida. Ya tsaya sororo, sannan ya ce ai abu mai sauƙi ne, zai buɗe mitar ya mayar da ita baya, ba wanda zai sani. Wannan ya ƙara tunzura ni. Na ce mitar da ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, ba za a koya mata da tsufanta ba. Ya tattara sifanunsa ya tafi.

Bayan tafiyarsa na rasa inda zan sa kaina, domin garejinsa ne kaɗai wurin zamana. A da duk Asabar mu shida ne a kan bencin nan, ban da mai garejin, kowa da irin motar, kowa yana cika baki. Direban tasi yana rantsuwa tasa ta yi shekara ashirin ba a buɗe injinta ba, Malamin lissafi da ya sayar da tasa ya sayi wata mai ƙyalli kullum yana zuwa ya shafa tawa yana cewa ya yi wauta, Dogo mai gidan hoto kuwa matarsa a bayan tasa ta haihu, ya hana a canja kujerar. Yanzu uku sun rasu, Malam ya koma wurin 'ya'yansa, Dogo ba ya gane mutane. Daga ni sai Sarkin Sifana, shi ma na kore shi a kan kilomita tara. Sati uku na yi ba wanda na yi wa magana in ban da mai kanti.

Yanzu ga maganar rubutun. Likitan ido ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cina ta gefe ban sani ba, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙe sauran da magani. Ya ce ba zai sa hannu a sabunta mini lasin tuƙi ba, wanda ke hannuna kuwa ƙarshen watan nan zai ƙare. Ban gaya wa Yayanki ba, ke ce ta farko. Da na haɗa wannan da saƙonki, sai na ce to, tunda haka ne bari in ƙarasa ukun nan ni kaɗai tun ina da izinin riƙe sitiyari.

Wata Talata da hantsi na sa rigar da mamanku ke so, na fito da mota. Na ɗauki hanyar tsohuwar masaƙa, wadda ko a barci na san ramukanta. Injin yana tafiya sumul, kamar jiya na ajiye ta, har na kama kaina ina yi mata magana. Ina ta leƙen mita, ina ganin layin fari-fari amma na kasa raba tara da takwas. Na sunkuya sosai in gani, ina ɗagowa sai ga mace da laima a gabana tana tsallaka titi. Ban ga fitowarta ba ko kaɗan. Birkin Sarkin Sifana ne ya cece ta, ya cece ni, tsakaninta da gaban mota bai kai taku ɗaya ba. Ta zazzaga mini faɗa, tana da gaskiya, ina ta ba ta haƙuri. Da ta ga tsoho ne sai ta sassauta, ta tambaya ko lafiya. Na roƙe ta ta leƙo ta karanta mini lambar. Ta dube ni kamar mahaukaci, amma ta leƙo, ta ce tara ne guda biyar.

Na kashe mota a gefen titi na zauna. Kilomita ɗaya ya rage, ga hanya a miƙe, ba wanda zai hana ni. Amma na ga ko na tafi ba zan ga juyawar ba, kuma kujerar gefena ba kowa da zai gaya mini. Shekara talatin da ɗaya ina yabon injin da ke tsayawa in zare ya tsinke, ga shi nawa ya tsinke ina neman in ci gaba, har na kusa kashe 'yar mutane. Na zare makulli na sa a aljihu. Na yi kuka, Auta, a bakin titi da rana tsaka, ban ji kunyar kowa ba.

Ba ni da wanda zan kira sai wanda na kora. Ya ɗauka a bugu na farko, na faɗa masa inda nake da abin da ya rage a mita, bai tambaye ni komai ba. Na zaci zai zo da igiya ya ja ta, ina ta tunanin yadda zan gaya masa ko ja aka yi mitar za ta ƙirga. Sai ga shi da babbar motar nan mai ɗaukar motoci a baya, ya aro ta daga wani gari. Da muka iso gida ya sa direban ya matso da baya har bakin rumfa, don kada tayarta ta yi juyin banza. Na ba shi haƙuri, ya ce in bar maganar, shi ma da ya san abin da nake ajiya da bai taɓa makullin ba. Ya sha ruwan da bai sha ba wancan karon. Yanzu duk Asabar shi ke zuwa, mu zauna a rumfa ya tayar da ita, ya duba mai da batir, ba ya ko taɓa giyar motar.

Don haka ga abin da nake roƙo. Ba na ce ki bar aikinki ba, ba kuma na sa miki rana ba. Amma duk sanda Allah ya kawo ki, ki zo da lasinki. Makulli yana cikin kofin tangaran na mamanku a saman firji. Giyarta ta hannu ce, in kin manta Sarkin Sifana zai tuna miki a tsaye, ba tare da an motsa ba. Ke za ki tuƙa, ni zan zauna a kujerar mamanku, mu bi hanyar masaƙa a hankali. In sifilin sun fara hawowa ki ƙirga mini su da ƙarfi yadda kika yi kina da shekara shida, don ni ba zan gan su ba. Likita ya ce a riƙe abin da ya rage, ina kuwa ɗiga maganin safe da yamma ba fashi, saboda ina so in ga fuskarki ranar ko da ban ga mita ba.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce na gode da tabaran da ya aiko. Ki gaishe da amaryata mai wushirya, ki ce mata angonta yana nan bai sake aure ba, da ƙanwarta Sarkin Surutu. Gwaggonki tana gaishe ku, haka ma Yayanki da iyalinsa, Sarkin Sifana kuma ya ce a gaya miki birki yana nan daram. Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan mamanku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinki,
Babanku na rumfar mota