Nauyin da Kwamfuta Ta Tsallake

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Tun daga bakin get na san an yi ɓarna. Kamfanin jima dama ba gidan turare ba ne, duk unguwar masana'antu ta Challawa an san mu da wari, amma na yau daban ne. Fatun awakin da ke gangar jima ta uku sun lalace gaba ɗaya, sinadari bai ishe su ba. Uwaisu ne ke lissafa sinadarin, saboda haka shi Manaja ya kira. Ina daga teburina na ɗakin gwaji ina jiyo ihun. Uwaisu ya fito ya wuce ni ko kallo babu, mutumin da aka sa ranar aurenmu bayan ƙaramar Sallah.

An dakatar da shi. Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa masa kafin ya yarda da auren, ya riƙe aiki a Kano, kada a kai masa 'ya Damagaram, garinsu Uwaisu a Nijar. Abin da ke cin raina ke nan.

Laraba, 4 ga Satumba

Ban iya cin komai ba sai ruwan shayi.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na matsa wa Musbahu mai gyaran kwamfutocinmu ya buɗe jadawalin lissafin sinadarin gangar da ta lalace. Yana ta mita wai yunwa yake ji. Ni ce ma na lura: wasu lambobin nauyin fata sun jingina dama a cikin akwatunansu, wasu sun maƙale a hagu. Na hagun duk masu waƙafi ne, 412,5 da ire-irensu.

Musbahu ya dafe kai. Ya ce, “Aina'u, ai shi ke nan! Wace kwamfuta Uwaisu ya yi aiki da ita?”

Ta ofis. Laftof ɗinsa ta mutu ranar Juma'ar da ta wuce, tana wajen gyara. Ita da saitin Faransa take, tun daga gida ya zo da abarsa. A makarantun Nijar da waƙafi ake raba kilo da rabin kilo, mu kuma da ɗigo. Musbahu ya ce jadawali ba shi da ra'ayin kansa, abin da saitin ƙasa na kwamfutar ya gaya masa shi yake bi, har yadda ake jera rana da wata. Tamu ba ta ɗauki 412,5 a matsayin lamba ba, rubutu ta ɗauke shi, sai ta tsallake shi wajen tarawa. Jimillar nauyi ta fito kaɗan, sinadari ya fito kaɗan.

Ya canza saitin a gabana, aka sake shigar da lambobin, duk suka koma dama. Aikin da bai kai shan kofin ruwa ba. Na shiga banɗaki na yi kuka.

Juma'a, 6 ga Satumba

Na je wa Manaja da ƙwarin gwiwata. Na ce, “Yallaɓai, ba sakaci ba ne, ku duba ku gani.” Ya duba kuwa, ya gane sarai. Sai ya ce, “Kwamfutar ce za ta biya mu fatun? Da ya kalli jimillar da idonsa ai da ya san ba ta kai ba.”

An sallami Uwaisu daga aiki bayan Masallaci.

Lahadi, 15 ga Satumba

Uwaisu ya zo gidanmu a Panshekara da la'asar, muka zauna a soro. Na zaci bayanin zai sanyaya masa rai, ashe ƙara masa ciwo na yi. Ya ce, “Wato yadda aka koya mini rubutu tun ina yaro shi ne laifina.” Na ce ba haka nake nufi ba. Ya ce ya zaga kamfanonin Sharaɗa, ya zaga na Bompai neman aiki, duk inda ya je labarin gangar ya riga shi. Kawunsa ya samo masa wuri a wata majema a Damagaram.

“Za ki zo?” Haka kawai, ko lallashi babu.

Na ce sai abin da Baba ya ce. Na san abin da Baba zai ce, shi ma ya sani. Ina son sa, wallahi ina son sa, amma bakina bai iya cewa e ba.

Asabar, 28 ga Satumba

Ya tafi da motar asuba. Baba ya ce a jingine maganar ranar tukuna, “mu ga abin da Allah zai yi.” Na san ma'anar wannan jinginar.

Laraba, 9 ga Oktoba

An ba ni teburin Uwaisu, wai ni na fi kowa sanin jadawalin. Na so in ƙi, ban ƙi ba. Na sa Musbahu ya gyara shi yadda duk lambar da ta shiga a matsayin rubutu za ta yi ja. Kujerar ta yi mini tsawo.

Yana kira kullum lokacin hutun rana. Hirar ta fara gajarta. Lafiya lau, ya aiki, ya su Inna.

Talata, 5 ga Nuwamba

Mun cika ganga biyu yau, duk sun fito da kyau, har Manaja ya leƙo ya ce madalla. Na ji daɗi. Na ji kunyar jin daɗin.

Uwaisu ya kira ina tsakiyar shigar da nauyi. Na ga sunansa, na ce bari in ƙarasa layin nan. Na ƙarasa, na shiga na gaba. Sai da nake cikin adaidaita sahu, mun kusa gida, na tuna ban mayar da kiran ba.

Ba fushi nake ba. Aiki ne ya yi yawa. Gobe zan kira, in Allah Ya so.