Lambar mota ko kayan da ke ciki?

Ƙanena Habibu,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ya koyarwa, ya Damagaram? Ya maiɗakinka da yara? Mu nan Arlit lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

'Yarka Hadiza ta wajena ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, alhamdulillahi. Ta samu gurbi biyu a jami'a, ɗaya a Agadez, ɗaya a Yamai. Burinta nan gaba ta yi mastar, wato digiri na biyu, a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, wai tun da aka rufe ramin haƙar yuraniyom na Akokan take tunanin abin da muke sha.

Uwarta ta ce Agadez, ni ma na amince. Sai ga ɗan maƙwabcinmu ya dawo daga jami'ar Agadez da lisans, wato digirin farko, makinsa mai kyau, amma an hana shi mastar a wasu jami'o'i. Na tambaye shi dalili, ya ce: "Baba, ba su san makarantarmu ba."

Abin ya ɗaure mini kai. Ni direba ne, na san a kan iyaka, a Assamakka, lambar mota ake fara dubawa kafin a buɗe tamfol. To ku malaman jami'a fa? In takardun yaro suka zo gabanku, sunan makaranta kuke kallo ko makinsa? Masu ɗaukar aiki ma haka suke?

Ka gaida kowa, ku sa Hadiza a addu'a. Ka amsa mini da gaskiya. In kaya kuke dubawa, ta zauna kusa da uwarta. In lamba ce, ni da kaina zan kai ta Yamai.

Yayanka,
Mamman